Jaka, Jaka, Kisaka

Idan ana zancen mutanen da jama'a suka sha wa kai a Madarumfa cikin shekarun casa'in, to a fara da Ilyasu mai kifin gashi. Gajere ne, siriri, mai saurin hawa da saurin sauka, masunci ɗan masunci. Abin da ya raba shi da sauran masuntan tabki shi ne ba ya sa koto a ƙugiya. Kowa na haƙar tana, ko ya yanka ɗan kifi ya soka, shi kuwa sai ya zauna a gindin bedin ƙofar gidansa ya ɗaura kifin ƙarya da gashin tsuntsu, ya je ya yaudari giwan ruwa da shi.

A cin rani ya samo rabin dabarar. Yana saurayi ya bi wasu masunta zuwa Yawuri, can ya ga wani tsoho na jan guntun cokali a bayan jirgi, manyan kifaye na kai masa cafka. Da ya dawo gida ya gwada, sai ya tarar tabkin Madarumfa ba kogi ba ne. Ƙasansa cike yake da saiwoyi da rassan itatuwan da ruwa ya ci, cokali na nutsewa ya maƙale. Sai da ya kusa ƙarar da cokulan gidansu, uwarsa ta fara ɓoye sauran a cikin adudu, sannan ya koma neman abin da ba ya nutsewa da wuri. A haka ya faɗa wa gashi.

Aikin kuwa aiki ne, ba wasa ba. Zai tsaga guntun itace ya matse ƙugiya a ciki, ya riƙe itacen da gwiwoyinsa. Dogayen gashin wuyan farin zakara guda biyu su ne wutsiya. Farar gezar rago ita ce ciki. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigo yana hawa gadon baya, domin ɗan karfasa baƙi-baƙi ne ta sama, fari ta ƙasa, kuma giwan ruwa ya fi kowa sanin haka. Sai ɗan ƙyallin nan na cikin kwalin sigari, a yanka siriri a liƙa a gefe, kaɗan kawai, don in ya yi yawa kifi tsorata yake yi. Daga nan ya naɗa jan zare a wuya, ya sa idanu da duwatsun wani tsinkakken abin wuya na matarsa Mardiyya, ya ɗiga sulushan irin na masu facin keke. In ya gama sai ya jawo daro cike da ruwa ya gwada. Wanda ya karkace ko ya kife, nan take zai warware shi yana tsaki.

Gidan ya ɗanɗana kuɗarsa. Kajin Mardiyya ba wadda ke da cikakken wuya, zabinta kuwa da sun hango maigida sai su haye darni. Ranar Layya mutane na neman hanta, shi yana bin gida-gida yana roƙon a yanko masa geza kafin a kai fata wurin majema. Mardiyya ta yi faɗan har ta gaji. Amma kifi na shigowa gida, don haka ta koma ɗaure zakarun da take so a gidan ƙanwarta.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana Ilyasu sakat shi ne fahimtar mutanen gari. Ka haɗa gashin farin zakara da jan zare da ƙarfe, ka ɗaure su wuri guda, sannan ka ce wa mutumin Madarumfa wai wannan sana'a ce? Ai ko yaro ya san abin da ake ƙullawa da waɗannan. Ba a jima ba aka raɗa wa abin suna layar Ilyasu. Wata mai ƙosai ta aiko a ba ta guda ta sa a ƙarƙashin murhu don ciniki. Wani direba ya taso musamman tun daga Ɗan Issa, yana son wadda zai rataya a madubin mota don 'yan duwan, wato jami'an kwastan, su riƙa kau da kai. Ilyasu ya bi shi har bakin mota yana masa bayanin yadda gashin zabo ke buɗewa a cikin ruwa, mutumin na gyaɗa kai irin na wanda ya gane cewa ba a faɗin irin wannan a bainar jama'a. Ya tafi yana cewa zai dawo in ido ya ragu.

Ilyasu mutum ne mai riƙe salla, ba ya son ko warin tsibbu. Amma in za a faɗi gaskiya, ba tsoron zunubi kaɗai ke ƙona masa rai ba. Shekaru ya kwashe yana leƙen ruwa, yana kallon yadda ɗan kifi mai rauni ke zabura ya zabura sannan ya yi laƙwas, har ya koya wa hannunsa yin haka da zare. Yanzu kuma a ce wai ba shi ya yi ba, aljani ne? Wannan raini ne, kuma ya kasa haɗiye shi.

Da a kan mai ƙosai da direba abin ya tsaya, da ya shanye. Sai ga shi ya shigo har cikin jirgin da yake fita su.

Jirgin na Shu'aibu ne, gadon ubansa. Shu'aibu da Ilyasu rana ɗaya aka yi musu kaciya, tare suka koyi iyo, kuma tun da suka fara su tare, duk abin da aka kama biyu ake raba shi, ba a tambayar hannun wa ya jawo. Shu'aibu ƙato ne mai sanyin hali, gwanin mamari, igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa da ake shimfiɗawa a bari a dawo. Haƙurin jira shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma ya zame masa ciwo. Ilyasu ya ba shi kifin gashi ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, yana zaɓa masa mafi kyau. Shu'aibu zai jefa, ya gyara zama, ya jira, kamar gashi zai yi ƙamshi ya kira kifi.

"Shu'aibu, wanga ba tana ba ce!" in ji Ilyasu. "In ka bar shi zaune, gashi ne kawai. Ka ja, ka ja, ka saki!"

Sai Shu'aibu ya kama ja, hannu bisa hannu, ba tsayawa, sai ka ce mai jan guga a rijiya.

"Na ce ka saki! Wurin sakin nan ne kihin ke kawo baki. Ka ja, ka ja, ka saki. Dibi hannuna."

To, a nan matsalar take. Shu'aibu ba ya kallon hannun. Ilyasu yana da wata ɗabi'a tun yana yaro: in ya duƙufa a kan abu sai leɓɓansa su riƙa motsi, yana ɗan tauna harshe, ba ya ma sanin yana yi. Wannan bakin Shu'aibu yake ƙura wa ido. Giwan ruwa zai fizgi zaren Ilyasu, su jawo shi tare, Shu'aibu ya ce masha Allah, idonsa na kan leɓɓan abokinsa.

Sauran masunta sun san ba kullum ake samun giwan ruwa ba, kuma mamarin Shu'aibu ne ke cika kwando da tarwaɗa a ranakun da gashi bai yi komai ba. Amma matan da ke sarin kifi a bakin tabki babban kifi suke gani. Wata rana ɗayarsu ta hango jirgin na tahowa, Shu'aibu na tuƙi a baya, Ilyasu na tsaye a gaba da ƙaton kifi, sai ta ce ga direba nan da aparantinsa. Aka kwashe da dariya. Shi ke nan sunan ya bi Shu'aibu. Mutum mai jirgin kansa, mai 'ya'ya har da surukai, ya zama aparanti, yaron mota. Shu'aibu yakan yi murmushi in sun faɗa. Ilyasu ya ɗauka abin bai dame shi ba, don shi Ilyasu in abu ya dame shi duk unguwa sai ta ji.

Wata la'asar, a shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa, Ilyasu na zaune a gindin bedi yana tsefe geza, sai ga Shu'aibu cikin rigarsa ta Juma'a, rungume da farin zakara. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa. Ya zo ya durƙusa a gaban mutumin da suka yi wasan ƙasa tare, ya ajiye zakaran da ƙullin goro.

"Mi ke nan?" in ji Ilyasu.

"Na zo ta hanyar da ta dace ne," in ji Shu'aibu, kansa a ƙasa. "Na san ba a ba da irin wannan a banza. Ka taimake ni da abin da kake hwaɗi."

"Wane abu nike hwaɗi?"

"Wanda kake karantawa in ka jehwa."

Ilyasu ya miƙe tsaye, gezar ta watse a ƙasa. Ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin ubansa, ya ce babu komai, bakinsa ne haka Allah ya yi shi. Ya jawo daro ya jefa kifin gashi a ciki, ya ja, ya ja, ya saki, har ruwa ya jiƙe musu ƙafa. Abin takaici, duk da fushin da yake ciki, idonsa sai komawa yake kan wuyan zakaran nan, don bai taɓa ganin gashi mai tsawo da sheƙi irin nasa ba. Shu'aibu ya lura da kallon, ya fassara shi yadda ya ga dama.

"Duk mai abu haka shike cewa," ya faɗa a hankali. Ya sa takalminsa ya tafi, ya bar zakaran.

Tun daga ranar jirgin ya yi shiru. Da can tun daga gaɓa har tsakiyar tabki gardama suke, ta gona, ta siyasa, ta wanda ya fi wani tsoron matarsa. Yanzu sai ƙarar filafili a ruwa. Ilyasu ya gwada rufe bakinsa gam in yana jan zare, sai Shu'aibu ya ɗauka a zuci ya koma karantawa don kada a ji. Ya gwada barin kifin gashi a gida su yi mamari kawai, Shu'aibu ya ce ba sai ya tauye kansa saboda shi ba. Duk inda ya juya, a kan laifi yake sauka. Ana cikin haka Shu'aibu ya ce masa in ruwa ya ja baya zai bar sana'ar su, ya koma lambun albasa wurin ɗan'uwansa, jirgin kuma Ilyasu ya riƙe.

Ilyasu ya shigo gida yana surfa masifa. Mardiyya na tankaɗe a tsakar gida, ta bar shi sai da ya sauke duka.

"Malam," ta ce, "ka yi shekaru kana gaya mashi da Hausa bai ji ba. To ka gaya mashi da abin da zai ji mana."

"In yi mashi ƙarya? In ƙaga tsibbu da bakina?"

"Wa ya ce ka ƙaga? Maganarka ce dai, ka juya ta. Ba ka yi zaurance ba kana yaro?" Ta karkaɗe rariya. "Ka ja, jaka. Ka saki, kisaka. Jaka, jaka, kisaka. Ga jaka ga kisa, wane masunci ne zai ji wannan shi ƙi riƙewa?"

Ilyasu ya ce wannan shirme ne, ya ce ita ma ta shiga sahun masu ƙosai. Ta ce to, ya zauna da gaskiyarsa ya tuƙa jirgi shi kaɗai. Ya yi kwanaki yana jujjuya zancen. Ya auna ya ga ba sunan aljani a ciki, ba aya da aka murɗe, maganar da ya daɗe yana yi ce aka sa mata riga a baibai. Ya ce a ransa in Shu'aibu ya kama ko da guda ɗaya ne, zai warware masa, su yi dariya, a wuce wurin. Har ya fara jin daɗin yadda zai riƙa tsokanarsa da ita.

Da hantsi suka kai jirgi gefen da itatuwan giyayya ke tsaye cikin ruwa, inda giwan ruwa ke laɓewa a cikin saiwoyi. Ilyasu ya ciro sabon kifin gashi, wanda ya ɗaura da gashin wuyan zakaran nan, ya ƙulla a zaren Shu'aibu. Ya waiga hagu da dama, duk da ba kowa sai belbelu.

"Matso," ya ce. Ya raɗa masa kalmomin a kunne. "Amma da sharaɗi. Duk jaka ɗaya, ka fizgi zare sau ɗaya, ɗan kaɗan. In ka ce kisaka, ka sake hannu gaba ɗaya, kada ka motsa sai ka ja numfashi ka sauke. In ka yi gaggawa ya karye."

Shu'aibu ya wanke hannu da ruwan tabki, ya yi bisimilla, ya jefa. Ilyasu na kallo. Mutumin nan da aka yi shekaru ana yi wa ihu bai iya ba, ga shi yana fizga a tsanake, yana saki a tsanake, idanunsa rabi a rufe, kifin gashi na zabura yana laƙwas a gefen saiwa kamar mai rai. Wallahi ko Ilyasu bai fi shi iyawa ba. Haushi da murna suka kama Ilyasu lokaci guda.

A jifa ta uku ko ta huɗu ruwa ya tumbatsa, zare ya miƙe. Shu'aibu ya riƙe, kifi ya nufi saiwoyi, Ilyasu ya fizgi filafili ya karkata jirgi yana ihu, "Riƙe! Kada ka ba shi! Riƙe, ɗan'uwa!" Sai da suka yi gumi kafin su kwantar da shi a cikin jirgi, ƙato, ya kai tsawon hannu tun daga kafaɗa. Ilyasu ya zube yana dariya yana dukan bayan abokinsa.

Shu'aibu bai yi dariya ba. Ya cire ƙugiya, ya gyara gashin da yatsa, ya sake jefawa. Leɓɓansa na motsi. Ba a daɗe ba ya jawo na biyu, bai kai na farko ba amma kifi ne na nunawa. Ya kwantar da shi kusa da ɗan'uwansa, ya zauna yana kallonsu.

"Ashe dai akwai," ya ce.

"Akwai mi? Tsaya ka ji abin dariya..."

"Ka rantse mani da kabarin baba ka ce babu."

"Babu ɗin ne! Shu'aibu, juya ta ka ji. Jaka, ka ja. Kisaka, ka saki. Zaurance ne, Mardiyya ce ma ta..."

"Shekarun nan duka matan bakin tabki na ce mani aparanti. A gabanka. A gaban ɗiyana. Kana ji, abin na cikin bakinka, kalma ukku." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ina kwana ina cewa ko ni ne Allah bai ba hannu ba."

"To ai hannun ne! Hannunka ne ya yi, yanzu na gani da idona! Jehwa ba tare da ka ce komi ba ka gani!"

"Ka ba ni, kuma kana so ka karya mani shi tun ban kai gaɓa ba?" in ji Shu'aibu. "A'a. Na riƙe."

Ilyasu ya yi bayani har muryarsa ta dushe. Ya faɗa a miƙe, ya faɗa a juye, ya tafa hannu yana rarraba kalmomin gaɓa-gaɓa. Shu'aibu ya ɗauki filafili ya juya jirgi, fuskarsa irin ta wanda ya riga ya gama magana. Me Ilyasu zai ce kuma? Da ya ce babu, ba a yarda ba. Da ya ba da, ya zama shaida a kansa cewa da can ɓoyewa yake yi. Bai taɓa jin baƙin ciki irin na wannan tuƙin zuwa gaɓa ba, ga kifi biyu a gabansa yana kallo kamar ba na ci ba.

A bakin tabki mata suka yo ca. Da suka ji wanda ya kama sai aka hau guɗa, wadda ta raɗa masa sunan ma ita ta fi kowa ɗaga murya. Shu'aibu bai kula su ba. Ya ɗauki babban kifin da hannu biyu, ya taka har gaban Ilyasu, ya ɗan rusuna, ya ajiye a ƙafafunsa.

"Ga tukuici, Malam Ilyasu," ya ce. "Allah shi saka da alheri."

Shu'aibu bai koma lambun albasa ba. Ya ci gaba da su a jirginsa tare da wani ɗan ƙanensa, ya kuma yi suna wurin giwan ruwa. Ilyasu ya koma hawa gora, ƙaton duman nan da masunta ke kwanciya a kai cikin ruwa, shi kaɗai, yana bin gefen giyayya. Ba su yi faɗa ba, ba wanda ya taɓa jin ɗayansu ya zagi ɗaya. In kifin gashinsa ya tsufa, Shu'aibu yakan zo gindin bedi da kansa neman sabo, da goro a hannu, kuma Ilyasu bai taɓa hana shi ba, mafi kyau ma yake zaɓa masa. Sau da yawa yakan matsa gefe a kan tabarma, ya ce, "Kai, zamna mana."

Shu'aibu yakan ce, "A'a, nan ma ya isa, Malam." Sai ya tsuguna a ƙasa, nesa da tabarmar, har a gama ɗaura masa.